Martani: A Hukunta Mugun Aiki, A Bar Wa Tsoho Banɗakinsa A Ɗaki

Wani marubuci mai shafi a kan harkokin gida da iyali ya fito kwanan nan da doguwar maƙala yana sukar yayin da ake yi na fasa bango a shigar da banɗaki cikin ɗakin kwana. Ya yi kira ga magidanta su daina, ya roƙi malamai su yi wa'azi a kai, ya kuma nemi hukumomin tsara birane su riƙa hana irin wannan gyara a tsofaffin unguwanni. Maƙalar ta samu karɓuwa, domin ta taɓo abin da mutane da yawa suka gani da idonsu: ɗakin da aka kashe wa kuɗi, kafin shekara ta zagayo ya soma wari, gindin bango ya jiƙe, fenti yana ɓarewa. Sai dai daga wannan gaskiya marubucin ya tsallaka zuwa hukuncin da zai faɗa a kan waɗanda suka fi kowa rauni a cikin gida. Shi ya sa maganar ke buƙatar amsa.

Adalci ne a fara jera hujjojinsa yadda ya kawo su. Ya ce al'adar baƙuwa ce, an kwaso ta daga otal-otal da gidajen Turawa, alhali kakanni sun san abin da suke yi da suka kai makewayi can ƙuryar gida, nesa da wurin kwana da wurin girki. Ya ce ɗakin kwana wurin salla ne da karatun Alƙur'ani, bai dace a haɗa shi da wurin najasa da aka san matattarar aljanu ce ba. Ya ce wari da ƙwayoyin cuta da kyankyasai, har ma da macizai, suna biyo bututu su shigo wa mai barci. Ya ce a garin da famfo kan yi makonni bai kawo ruwa ba, masai na zama ba abin da zai zama sai annoba. Ya ce danshi yana cin gini. A ƙarshe ya ce idan kowa ya samu banɗakinsa, zai shige ɗaki ya rufe ƙofa, tsakar gida ta mutu, zumunci ya bi ta.

Ba a ƙaryata shi a kan wari da danshi da ƙarancin ruwa. Duk suna faruwa. Abin dubawa shi ne me ke jawo su, sannan ko maganin da ya rubuta zai warkar da su.

A fara da batun baƙunta. Wurin wanka a cikin ginin da ake kwana ya girmi kowane otal na Turai da dubban shekaru. A Mohenjo-daro, tsohon birnin da aka tono a lardin Sind na Pakistan, wanda ya bunƙasa wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, gidaje da yawa suna da wurin wanka da aka shimfiɗa da jan bulo, ruwansa yana bin magudana zuwa rufaffiyar kwata a kan titi. Idan kuma misalin Musulmi masu ginin ƙasa ake nema, ga Shibam a kwarin Hadramaut na Yaman, garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1982. Gidajensa na tubalin laka ne, masu hawa biyar zuwa sama, mafi yawansu daga ƙarni na 16. Mutanen Shibam ba sa saukowa ƙasa don biyan buƙata. A tsarinsu na da, makewayi yana can sama kusa da ɗakunan kwana, an shafe shi da farar ƙasa mai hana ruwa shiga, ƙazanta tana bin wani rami a cikin bango ta faɗa wani ɗaki a ƙasa, ruwa kuma yana fita ta tasa hanyar dabam. Su ma daga Turawa suka koya?

Kakannin da marubucin ya kafa hujja da su sun yi daidai a zamaninsu. Masai na rami buɗaɗɗe ne, babu abin da ke tsakanin hancin mutum da abin da ke ciki sai murfi, don haka hankali ya ce a nisanta shi. Dalili ne ya kai shi ƙurya, kuma dalilin ya canza. Gidan Bahaushe bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Ɗakin ciyawa ya ba soro wuri, soro ya ba kwano, tubali ya ba bulon siminti, fitilar aci-bal-bal ta ba lantarki. Zaure da tsakar gida da turaka ne suka riƙe tsarin gidan, kuma banɗakin cikin ɗaki bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Hujjar addini ita ce ta fi shiga zukata, don haka ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. A dogon hadisin da Nana A'isha ta ba da labarin ƙazafin da aka yi mata, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ta bayyana cewa a wancan lokaci mata a Madina sukan jira dare su fita wani fili a bayan gari don biyan buƙata, kuma ta ce wannan ya faru ne kafin a soma yin makewayi kusa da gidaje. Ke nan a cikin rayuwarta al'adar ta canza, aka jawo makewayi kusa, ba wanda ya ce an yi saɓo. Abu Dawud da Nasa'i kuma sun ruwaito daga Umaima 'yar Ruƙaiƙa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da wani mazubi na itace a ƙarƙashin gadonsa da yake amfani da shi idan fitsari ya kama shi da dare. Idan wannan ya halatta a ɗakin da ya fi kowane ɗaki tsarki, ta ina za a haramta keɓaɓɓen wuri mai bango da ƙofa da ruwa mai wanke komai nan take?

Gaskiya ne hadisi ya nuna shaiɗanu suna halartar wuraren biyan buƙata. Amma maganin da aka koyar shi ne addu'ar neman tsari kafin shiga, da shiga da ƙafar hagu, da barin ambaton Allah a ciki. Ba a ambaci taku nawa za a bari tsakanin makewayi da gado ba. Sharuɗɗan salla kuwa tsarkin jiki ne da na tufafi da na wurin da aka tsaya. Alhazan da ke sauka a masaukan Makka da Madina duk shekara suna kwana a ɗakuna masu banɗaki a ciki, suna nafila a nan, suna karatu a nan, ba wanda ya ce su rama. Ko batun alƙibla, malaman Malikiyya sun sassauta a cikin gini, suna kafa hujja da abin da Abdullahi ɗan Umar ya gani daga saman ɗakin 'yar'uwarsa Hafsa. Duk da haka, mai gyara yana da zaɓi tun kafin a sa siminti: a ƙasar Hausa alƙibla tana gabas, sai ya ce wa mai aikin famfo ya juya masai kudu ko arewa, ya fita daga saɓani ba tare da ƙarin ko kwabo ba.

Akwai ma wani gefen addini da marubucin ya tsallake. A babban gida, inda ango da amarya ke zaune da iyayen miji da ƙanne, ɗaukar bokiti a ratsa tsakar gida kafin asuba abu ne mai nauyi ga mai kunya. Duk wanda ya zauna irin wannan gida ya san akwai masu jinkirta wanka har gari ya waye, salla ta kuɓuce musu, don kawai kada a gan su. Wurin wanka a cikin ɗaki yana sauke wannan nauyi gaba ɗaya.

Sai batun wari da cuta. A nan ilimin aikin ne ke magana. A shekarar 1775 wani mai gyaran agogo ɗan Sikotland da ke zaune a Landan, Alexander Cumming, ya yi rajistar wata dabara mai sauƙi: a lanƙwasa bututun da ke ƙarƙashin masai yadda ruwa zai riƙa kwanciya a cikin lanƙwasar. Wannan ɗan ruwa, mai zurfin kimanin santimita 5, shi ne ƙofar da ke tsare iskar rami daga shigowa ɗaki. Masai yana zuwa da tasa lanƙwasar daga kamfani. Amma wurin wanke hannu da magudanar da ke daɓen wanka, kowanne yana buƙatar tasa, kuma a nan ne ake yawan yin ha'inci. Mai aiki ya sa miƙaƙƙen bututu daga daɓe kai tsaye zuwa sokawe, ya rufe da tayil, ya karɓi kuɗinsa. Daga ranar nan ɗakin kwana da ramin ƙazanta suna shaƙar iska ɗaya.

Abu na biyu shi ne bututun iska, wanda ake haɗawa da babban bututun masai a miƙa shi sama har ya wuce rufi. Idan babu shi, duk lokacin da aka kora ruwa mai yawa, sai ya zuƙe ruwan da ke kwance a lanƙwasa ya tafi da shi. Wannan ƙarar gurr-gurr da ake ji a magudana bayan an kora masai, alamar haka ce. Na uku shi ne taga mai fita waje, ko fankar zuƙe iska. Dokar gini ta Ingila ta ce fankar banɗaki ta iya fitar da aƙalla lita 15 na iska a kowace daƙiƙa. Banɗakin da aka yanka a tsakiyar gini, ba taga ba fanka, sai ƙofar da ke kallon gado, ba shi da inda zai kai tururinsa sai kan katifa da cikin kabad.

Da marubucin ya so misali mai ƙarfi, da ya kawo na Amoy Gardens a Hong Kong. A 2003, lokacin annobar SARS, sama da mutum 300 a wannan rukunin benaye suka kamu, 42 suka rasu. Binciken gwamnatin Hong Kong da na Hukumar Lafiya ta Duniya ya gano cewa ruwan da ke lanƙwasar magudanan daɓe ya ƙafe a gidaje da yawa, fankokin banɗaki suka riƙa jawo iska mai ɗauke da ƙwayar cutar daga babban bututun ƙazanta zuwa cikin gidaje. Abin tsoro ne ƙwarai. Amma me Hong Kong ta yi? Ba ta rushe banɗakunan mutane ba. Ta koya musu su riƙa zuba ruwa a kowace magudana akai-akai. Darasin ya shafi Kano da Sakkwato da Damagaram kai tsaye, domin zafin bazara da bushewar hunturu suna ƙafar da wannan ruwa da sauri, musamman a ɗakin baƙi ko ɗakin da mai shi ya yi tafiya. Kofi biyu na ruwa duk mako sun wadatar.

Batun maciji ma ba tatsuniya ba ce. A Nuwamban 2021 wata jami'ar sojan sama ta rasu a Abuja bayan maciji ya sare ta a masan gidanta, labarin ya girgiza ƙasa. Maciji da ɓera suna samun hanya ne ta fasasshen murfin sokawe, ko bututun da ya tsage, ko bakin bututun iska da ba a sa wa raga ba. Duk waɗannan ana toshe su. Wa zai toshe hanyar kunama da kububuwa a tsakar gidan ƙauye, inda tsohuwa ke laluben hanya da tsakar dare ba fitila? Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe ba da mutanen da aka sara a kan masai na zama yake cika ba.

Inda haɗari na gaske yake, marubucin bai leƙa ba. A 2021 Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka mutu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna kan gaba. Kwalara ba ta damu da ko masai yana cikin ɗaki ko yana tsakar gida ba. Abin da ya dame ta shi ne tazarar da ke tsakanin rami da rijiya. Tun 1854 likita John Snow ya bi sawun annobar da ta kashe sama da mutum 600 a unguwar Soho ta Landan har zuwa rijiya guda, daga baya aka tono aka ga tsohon ramin ƙazanta yana yoyo ƙasa da mita ɗaya daga gare ta. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke aiki da ita ita ce a bar mita 30 tsakanin rami da rijiya, kuma ƙasan ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Fili mai ƙafa 50 a kan 50 faɗinsa wajen mita 15 ne kacal, ke nan a cikin gari maganar ta shafi maƙwabta. Masai mai ruwa yana tura ruwa cikin ƙasa fiye da na rami, saboda haka dole a yaɓe tankin farko da siminti ciki da ƙasa, a kai ramin tsotsewa nesa da rijiyar gida da ta maƙwabci, a riƙa sa wa ruwan sha sinadarin kilorin. Wannan ne wa'azin da zai ceci rai.

A kan ƙarancin ruwa, marubucin ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: wurin da banɗaki yake, da irin masan da aka sa. Matsar da shi cikin ɗaki ba ya ƙara yawan zagayen da mutum zai yi a rana. Tsofaffin masai masu tanki suna cin lita 9 zuwa 13 a kora ɗaya. Na zamani suna cin lita 6, masu maɓalli biyu kuma lita 3 ga fitsari. Masan tsuguno mai lanƙwasa, wanda ake kora shi da buta ko ɗan bokiti, lita 2 zuwa 3 sun ishe shi. Jarkar mai garuwa guda, mai lita 25, za ta kora tsohon masai sau biyu, ta kora na tsuguno wajen sau goma. Mazaunin unguwar da ruwan famfon Tamburawa ko na Challawa a Kano ba ya isa gare ta, kuma ba shi da rijiyar burtsatse da tanki a sama, bai kamata ya sayi masai mai tanki ba, ko a ɗaki ko a waje. Ya sa na tsuguno, ko na zama da ake kora shi da bokiti, ya ajiye baho mai murfi. Wanda ko wannan ba zai iya ɗauka ba, yana iya tsayawa a kan wurin wanka da alwala kawai, ya bar masai a inda yake. Zaɓi yana da yawa tsakanin a yi komai da a bar komai.

Danshi ne hujjarsa mafi nauyi, kuma a kan ginin ƙasa yana da gaskiya babba. Bangon tubali ba ya jure ruwan da ke kwanciya a gindinsa. Shafa masa siminti da manna tayil ba ya hana komai, sai ma ya ɓoye ɓarnar har ranar da ruwan watan Agusta zai kammala ta. Wanda ke zaune a soro a cikin birnin Zariya ko Katsina kada ya yanka banɗaki a cikin ɗakinsa. Ya gina shi da bulo a jikin ɗakin ta waje, a kan nasa harsashin, a huda ƙofa a sa mata lintal mai ƙarfi, ruwa ya fita ta can nesa da bangon ƙasa. Ya samu abin da yake so, soron ma ya tsira.

A ginin bulo kuwa aikin yana da ƙa'idoji sanannu. Banɗaki mai masai da shawa da wurin wanke hannu yana shiga cikin ƙafa 4 a kan 7, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12. Ɗakin da bai kai haka ba, a fitar da ginin waje. Gara a zaɓi kusurwar da ke jikin bangon waje, ko wadda ke manne da wani banɗakin, don bututu ya gajarta. Bututun masai na inci 4 ne, kuma yana son gangare na kimanin santimita biyu da rabi a kowace mita. Idan ya kwanta sosai ƙazanta ta tsaya. Tayil ba ya hana ruwa shiga, domin ruwa yana bin tsakanin layukansa. Abin da ke hanawa shi ne shafen da ake yi a ƙarƙashinsa, ko shimfiɗar kwalta, a daɓe duka da gindin bango, a wurin shawa kuma har sama da tsayin mutum. Kafin a manna tayil ko ɗaya, a toshe magudana, a cika daɓen da ruwa, a bar shi awa 24. Idan ya ragu, ko bangon ɗaki ya nuna laima, a sake aiki. Magidanta nawa ne suka taɓa neman a yi musu wannan gwaji kafin su biya cikon kuɗi?

A bene haɗarin ya ninka. Sassaƙe daɓen bene don a binne bututu yana yanke rodin da ke riƙe da shi, ɗora sabon bangon bulo a inda babu bim a ƙasa kuma ƙarin nauyi ne da ba a lissafa da shi ba. Wannan aikin injiniya ne mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, kuma a nan ne hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna suke da rawar takawa: su duba zane, su duba inda sokawe zai zauna, su hukunta mai ha'inci. Hita kuma dole a haɗa ta da wayar ƙasa, a sa mata na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta soma yoyo, sannan kada a sa soket inda ruwan shawa ke kaiwa.

Yanzu a dubi waɗanda maƙalar ba ta ambata ba ko sau ɗaya. Marubucin ya zana mai banɗaki a ɗaki a matsayin ɗan ƙwalisa mai kwaikwayon otal. Ina dattijo mai ciwon suga, ko mai kumburin da ke takura mafitsarar maza idan shekaru sun ja, wanda ke tashi sau uku ko huɗu kafin asuba? Ina tsohuwar da gwiwoyinta suka ƙi, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, sai an kama shi? Ina mai ciki wata tara, da mai jegon da aka yi wa aiki, wadda za ta yi wanka safe da yamma har kwana arba'in, a watan Janairu, iska tana kaɗawa ta saman katanga? Ina matar da ke fama da yoyon fitsari tana jiran a kira ta asibitin Babbar Ruga a Katsina, wadda duk burinta ta wanke jikinta ba tare da idon gida a kanta ba? Ina budurwa a gidan haya, inda makewayi ke kusa da ƙofar waje, kuma ba ta san wanda ke tsaye a duhu ba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum 684,000 duk shekara, ita ce ta biyu bayan haɗarin mota a cikin mace-macen tsautsayi, sama da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa. Tafiya a duhu, da barci a ido, a kan daɓe mai santsin damina, da tsallake dokin ƙofa da igiyar shanya da turmi, ita ce tafiyar da ke karya ƙugun tsoho. Abin da gidaje da yawa ke yi don gudun haka kowa ya san shi: fo ko gwangwani ko bokiti a ƙarƙashin gado har gari ya waye, jika ko suruka ta ɗauka ta zubar. Wanne ya fi tsafta, wanne ya fi kare mutuncin dattijo, wannan ko masai mai ruwa taku biyar daga gadonsa?

Shi kansa banɗakin yana iya kayar da mutum idan aka yi shi don ado. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2008 kimanin mutum 234,000 aka kai sashen gaggawa saboda raunin da suka ji a banɗaki, wajen kashi 80 cikin ɗari faɗuwa ce. Don haka tayil mai ƙyalli na bango ne, na daɓe ya zama mai kaushi. A kafa ƙarfen riƙewa a jikin bango kusa da masai da wurin wanka, a sa kujerar wanka, a bar ƙofa ta kai faɗin santimita 80 ko 90 don keken mara lafiya, ta riƙa buɗewa waje don kada wanda ya faɗi ya tokare ta, a kuma ajiye fitila mai caji da ke kamawa idan an ɗauke wuta.

Saura zumunci. Wanda ya zauna gidan haya ko gidan kishiyoyi ya san layin makewayi da safe ba ya haifar da ƙauna. Faɗan wa ya ɓata, wa zai wanke, ɗan wa ya bar ƙofa a buɗe, ya raba maƙwabta da yawa. Hira a tsakar gida ana yin ta ne a kan tabarma, wajen girki, wajen kitso, wajen tuwon dare, kuma duk suna nan. Nijeriya, ƙasar da binciken gwamnati da UNICEF na 2021 ya nuna mutum miliyan 48 suna bahaya a fili, ƙasar da sai a 2022 ta samu jiharta ta farko, Jigawa, da aka tabbatar ta rabu da wannan ɗabi'a, ba ta kai matsayin da za ta yi yaƙi da ƙarin makewayi ba. Ko a sansanin 'yan gudun hijira ƙa'ida ita ce kada mutum ya wuce 20 a kan masai ɗaya, alhali akwai gidaje a cikin birane da suka wuce haka. Idan maigida da uwargida da Hajiya Babba suka fita daga layi, yara da baƙi ne suka samu sarari.

Matsayin wannan martani a fili yake. Shigar da banɗaki ɗakin kwana gyara ne mai amfani, halal ne, kuma ga tsofaffi da marasa lafiya da masu jego yana gaba da sabon fenti da sababbin kujeru. A bar na tsakar gida yana aiki don yara da baƙi. Wanda zai yi na ɗaki ya fara da ɗakin wanda ya fi buƙata, ya zaɓi masan da ruwan gidansa zai iya ɗauka, ya tsaya a kan mai aiki har ya ga lanƙwasa a kowace magudana, ya ga bututun iska ya wuce rufi da raga a bakinsa, ya ga ruwan gwaji ya kwana bai ragu ba, ya kuma auna tazarar sokawe da rijiyarsa da ta maƙwabcinsa. Marubucin yana da masu karatu da yawa da ke jin maganarsa. Abin da ake roƙonsa shi ne ya janye kiran hani, ya ba da shafinsa na gaba ga injiniya da gogaggen mai aikin famfo su koya wa magidanta abin da za su duba kafin su biya kuɗin aiki.